Emile Baudot (1845-1903): Ɗan Manomin da Sunansa Ya Zama Ma'aunin Gudun Saƙo

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban ƙaramar kwamfuta da nufin ya sadar da ita da wata babba ta hanyar igiya, ya san akwai tambayoyin da manhaja za ta yi masa kafin ta ba shi hanya. Ta farko ita ce ta gudun saƙo, akan kuwa amsa ta da lamba kamar 9600, sa'an nan a bi lambar da kalmar baud. Wannan kalma guntun sunan wani Bafaranshe ne mai suna Emile Baudot, wanda ake furta sunansa Bodo. Ya rasu shekaru kusan arba'in kafin a ƙera kwamfuta mai aiki da lantarki, amma dabarar da ya shimfiɗa ita ce tushen wannan sadarwa. A cikin wannan maƙala za a yi ƙoƙarin kawo tarihin rayuwarsa da aikinsa, a kuma nuna inda aikin nasa ya shafi mai nazarin harshen Hausa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Jean-Maurice-Emile Baudot ran 11 ga Satumba, 1845, a wani ƙauye mai suna Magneux, a lardin Haute-Marne da ke gabashin Faransa. Mahaifinsa manomi ne, wanda daga baya ya zama shugaban ƙauyen. Iyakar karatun da Baudot ya samu a aji shi ne na makarantar firamaren garinsu, daga nan sai ya kama aikin gona tare da mahaifinsa. A kan wannan sana'a ya zauna har ya kai shekara ashirin da huɗu.

Cikin 1869 ya shiga ma'aikatar wayar tangaraho ta Faransa a matsayin mai koyon buga waya. Da farko an koya masa tsarin Morse, watau wanda ake aika kowane harafi da gajeren bugu da dogon bugu. Bayan haka ya yi kwas na wata huɗu a kan na'urar Hughes, mai madannai irin na piyano, wadda ke buga haruffa a kan siririyar takarda. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawan Prussia cikin 1870, ya yi aikin soja na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma bakin aikinsa a birnin Paris cikin 1872.

Matsalar da Ya Tarar

A wancan zamani babu abin da ya fi cin kuɗi a harkar tangaraho kamar shimfiɗa waya daga gari zuwa gari. Ga shi kuwa wutar lantarki tana ratsa wayar cikin ƙiftawar ido, alhali hannun ma'aikaci a hankali yake tafiya. Saboda haka yawancin lokaci wayar a zaune take tana jiran yatsun mutum ɗaya, saƙonni kuma suna taruwa a kan tebur. Tsarin Morse yana da tasa illar, domin haruffansa ba tsawonsu ɗaya ba: harafin E bugu ɗaya ne, harafin Q kuwa huɗu. Kunnen gwani yana iya rarrabe su, amma yana da wuya a ƙera injin da zai san inda harafi ya ƙare da inda wani ya soma. Shugabanninsa sun ƙarfafa masa gwiwa ya nemo mafita, amma a lokacin hutunsa. A nan ne ya duƙufa ga koya wa kansa ilmin lantarki da na ƙira.

Dabarunsa Biyu

Ran 17 ga Yuni, 1874, Baudot ya yi wa na'urarsa rajista, ya kuma ci gaba da gyara ta har ta daidaita. Dabaru biyu ne suka haɗu a cikinta.

Ta farko ita ce daidaita tsawon haruffa. Zuwa 1876 ya tsaya a kan cewa kowane harafi zai ƙunshi bugu biyar, ba ragi ba ƙari, kowane bugu kuma ɗayan hali biyu ne, gwargwadon ɓangaren da wutar ta fuskanta. Idan aka riɓanya biyu sau biyar, za a sami siffofi 32. Tun da waɗannan ba za su ishi haruffa da lambobi gaba ɗaya ba, sai ya ware alamomin da ke sanar da na'urar karɓa cewa abin da zai biyo baya lambobi ne, ko kuwa an koma ga haruffa. Madannai biyar kacal ma'aikaci ke da su a gabansa, biyu na hannun hagu, uku na dama.

Ta biyu ita ce raba lokacin wayar. Ya ƙera wani faifai da aka yanka gida-gida, da hannu mai kewaya shi wajen sau 180 a minti guda. Kowane ma'aikaci yana da gidaje biyar a kan faifan, hannun kuma yana kwasar harafinsa in ya iso kansu, ya wuce ga na gaba. Da haka mutum huɗu, har ma shida, suke aiki da waya ɗaya, kowannensu yana aika kalmomi wajen 30 a minti. Wanda ya taɓa ganin 'yan mata suna lugude zai gane al'amarin nan da nan: turmi ɗaya ne, taɓarya uku ko huɗu, kowace tana sauka a lokacinta, wadda ta kuskure kuwa ta ɓata dakan duka. Domin kada a kuskure, na'urar takan yi wata 'yar ƙara da ke gaya wa ma'aikaci cewa lokacinsa ya yi. A can ɗaya bakin wayar akwai wani faifan irinsa, kuma wajibi ne su biyun su riƙa juyawa da gudu ɗaya. In ɗaya ya sha gaban ɗaya, sai shirme ya fito a takarda.

Ɗaukakarsa da Rasuwarsa

An gwada na'urar tsakanin Paris da Bordeaux cikin Nuwamba 1877, gwamnati kuma ta karɓe ta. A babban bajekolin duniya da aka yi a Paris cikin 1878 ta jawo masa lambar zinariya, cikin 1879 kuma aka ba shi lambar girma ta ƙasa. Ya sami ƙarin girma a wurin aiki cikin 1880, sa'an nan ya zama sufeto injiniya cikin 1882. Duk da haka tallafin da ma'aikatarsa ta ba shi bai taka kara ya karya ba, har ta kai shi ga sayar da lambar zinariyar nan domin ya ci gaba da bincike. An yi aiki da na'urarsa tsakanin Paris da Rum, cikin 1897 kuma Ingila ta ɗauke ta a layin Landan zuwa Paris. Ƙasashe da dama sun bi sahu.

Ta fuskar iyali bai yi dogon jin daɗi ba. Ya yi aure cikin Janairu 1890, matar ta rasu bayan wata uku. Shi kuma ya yi fama da doguwar rashin lafiya, ya rasu a garin Sceaux kusa da Paris ran 28 ga Maris, 1903, yana da shekara 57. Wannan ya zo makonni biyu bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato, shekara uku kuma kafin yaƙin Haɗejiya na Afrilu 1906, inda Sarki Muhammadu Mai Shahada ya kwanta dama. Da mulkin Turawa ne wayar tangaraho ta ratsa ƙasar Hausa, ta kuma bar wa harshen kalmomi irin su gidan waya da buga waya. Cikin shekarun 1920 taron masana tangaraho na duniya ya raɗa wa ma'aunin gudun saƙo suna baud, watau yawan sauyin da alama ke yi a kan waya cikin daƙiƙa guda.

Daga Tangaraho Zuwa Kwamfuta

Cikin 1901 wani mutumin New Zealand, Donald Murray, ya sake jera siffofin nan 32 domin a yi aiki da madannai irin na tafireta. Ya ƙara alamomi biyu, ɗaya ta mayar da bugu farkon layi, ɗaya ta sauka sabon layi. Daga nan aka sami tafiretar waya, wadda ke buga a wani gari abin da aka danna a wani, ita ce kuma bankuna da kamfanoni suka daɗe suna aiki da ita da sunan teles. Cikin Satumba 1940 George Stibitz ya aika tambayoyin lissafi da irin wannan tafireta daga Kwalejin Dartmouth zuwa wani injin lissafi da ke New York a Amurka, amsa ta dawo ta waya. Tun daga ranar aka sami abin da ake kira tasha da uwar kwamfuta: tasha madannai ce da wurin nuna rubutu kawai, uwa kuwa ita ke yin aikin.

Cikin 1963 aka fito da tsarin ASCII mai bugu bakwai da siffofi 128. Sannu a hankali allo ya maye gurbin takarda, tashar VT100 ta kamfanin DEC, wadda ta fito cikin 1978, ta zama abin koyi. Da ƙananan kwamfutoci suka yawaita, sai aka rubuta manhajojin da ke sa su kwaikwayi tasha, kamar Kermit ta Jami'ar Columbia cikin 1981, da PuTTY cikin 1999.

Ɗalibin da ke Haɗejiya ko Kafin Hausa, in zai shiga wata na'ura ta igiya, zai zaɓi mashigar da ya jona igiyar, ya sa gudu, sau da yawa 9600, ya sa bugu takwas ga kowane harafi da bugu ɗaya na tsayawa, sa'an nan ya faɗi irin tashar da yake kwaikwayo. In ta intanet ne, sunan uwar da sunansa da kalmar sirri zai bayar. Idan gudun da ya sa ya saɓa wa na uwar, tarkacen alamomi ne za su cika masa allo. Wannan ita ce cutar faifan Baudot biyu da suka saɓa wa juna.

Abin da Ya Shafi Hausa

Yawan bugun da aka ba harafi shi ke yanke hukuncin haruffa nawa za su sami gurbi. A cikin siffofi 32 na Baudot, da 128 na ASCII, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko cikin shekarun 1930. Sunan Haɗejiya kansa ba ya iya ratsa waɗannan tsare-tsare da lanƙwasarsa. Illar kuwa ba ƙarama ba ce, domin baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, duk sai su zama abu ɗaya a ido. Sai da tsarin Unicode ya fito cikin 1991 aka sami ma'auni guda na duniya da ya ba waɗannan haruffa, da na Larabci da ajami ke aro, lambobinsu. Saboda haka mai rubuta Hausa ta manhajar kwaikwayon tasha yana da ƙarin abu guda da zai duba: ya tabbata an sa tsarin haruffa a kan UTF-8, a wurinsa da kuma wurin uwar.

Kammalawa

An ga yadda ɗan manomi mai ilmin firamare ya gano cewa injuna biyu ba za su fahimci juna ba sai sun yi ittifaƙi a kan tsawon harafi da lokacin aika shi. Na'urarsa ta daɗe da komawa gidan tarihi, amma sharuɗɗan nan biyu suna nan a cikin kowace manhajar kwaikwayon tasha. Ya rage ga masu nazarin Hausa su san yadda ake tsara irin waɗannan ma'aunai, su kuma sa baki a cikinsu, domin harafin da ba a ba shi lamba ba, ba ya isa ɗaya bakin wayar.