Kiyoshi Shiga: Likitan da Ya Gano Ƙwayar Cutar Atuni

A shekarar 1897 annobar atuni, wato gudawa mai haɗe da jini da majina, ta mamaye ƙasar Japan. Mutum wajen dubu 90 suka kamu, fiye da ɗaya cikin kowane biyar kuma ya rasu. Likitoci na zargin wata ƙwayar cuta ce sanadi, amma babu wanda ya iya nuna ta. Wanda ya warware wannan ƙulli matashi ne ɗan shekara 26 mai suna Kiyoshi Shiga.

An haifi Shiga a birnin Sendai a watan Fabrairun 1871. Ya taso a hannun dangin mahaifiyarsa, waɗanda likitanci gadonsu ne, kuma sunansu ya ɗauka. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Tokiyo a 1896, sannan ya kama aiki a cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ƙarƙashin Shibasaburo Kitasato, almajirin shahararren masanin nan na Jamus, Robert Koch. Kitasato ne ya ɗora masa aikin nemo musabbabin atuni.

Wahalar aikin ita ce hanjin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin bakteriya iri-iri, mafi yawansu marasa illa. Ganin ƙwaya a bayan gidan majiyyaci bai isa hujjar cewa ita ta kwantar da shi ba. Shiga ya ɗebi bayan gidan masu atuni, ya raini ƙwayoyin a ɗakin gwaje-gwaje, ya ware kowane iri daban. Daga nan sai ya nemi shaida daga jikin majiyyatan kansu: ya gauraya kowane iri da ruwan jinin waɗanda ke murmurewa. Iri guda, mai siffar ɗan gajeren sanda, shi ne ya riƙa cuɗewa yana dunƙulewa, alamar cewa jiki ya riga ya yi yaƙi da shi. Da ya ciyar da karnuka wannan ƙwaya, sai zawo ya kama su. Ya wallafa sakamakon da harshen Jamusanci a 1898.

Bai tsaya nan ba. Ya haɗa rigakafi daga matattun ƙwayoyin, ya fara gwada shi a jikinsa. Wurin allurar ya kumbura har sai da aka tsaga shi. A 1901 ya tafi Jamus ya yi aiki tare da Paul Ehrlich, inda a 1904 suka samar da wani jan rini mai kashe ƙwayoyin da ke dangi da masu haddasa ciwon barci. Daga baya ya koma Koriya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Japan, ya shugabanci Jami'ar Keijo daga 1929 zuwa 1931.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. An ba shi babbar lambar yabo ta ƙasa a 1944, amma ruwan bama-baman 1945 ya ƙone gidansa na Tokiyo. Ya koma wani ƙauye a gaɓar teku a jiharsu ta Miyagi, ya yi zaman ƙanƙan da kai har rasuwarsa a watan Janairun 1957, yana da shekara 85.

Yau sunansa na kan dangin ƙwayoyin da ake kira Shigella, masu rassa huɗu, waɗanda ke yaɗuwa ta gurɓataccen abinci, ruwa da hannun da ba a wanke ba. Ƙwayoyi 10 zuwa 100 kacal sun isa su kwantar da mutum, yara ƙanana kuma su suka fi shan wuya. Dafin da ƙwayar ke fitarwa ma sunansa yake amsawa, kuma irin wannan dafi ne ke cikin wani nau'in E. coli da ya kashe mutum fiye da 50 a annobar da ta ɓulla a Jamus a 2011. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ke ɗiga ruwan jini na musamman a kan ƙwayar da ya raina, yana jiran ya ga ko za ta dunƙule, dabarar da Shiga ya yi aiki da ita a 1897 yake maimaitawa.