Sapara Williams, Lauya na Farko Ɗan Nijeriya

An haifi Christopher Alexander Sapara Williams a ƙasar Saliyo ran 14 ga Yuli, 1855. Ubansa Bayarabe ne, mutumin Ilesha. Da ya gama karatun farko sai ya haye teku zuwa Ingila, ya shiga Inner Temple, ɗaya daga cikin gidaje huɗu na birnin Landan waɗanda ke da ikon naɗa mutum lauyan da zai tsaya gaban manyan alƙalai. Ka'idar gidan a wancan zamani ita ce ɗalibi ya karanta dokoki, ya riƙa cin abincin dare tare da manyan lauyoyi don ya koyi ladabinsu, sa'an nan ya ci jarrabawa. Ran 17 ga Nuwamba, 1879, aka ba shi izni. Ba wani ɗan Nijeriya da ya riga shi.

Ya fara aiki a Ankara ta ƙasar Gwal Kwas, kana ya komo Ikko a 1888, ya buɗe ofishin kansa. Ba ya cin albashin Gwamnati, abincinsa ladan da masu ƙara ke biyansa. Mai rigimar fili, ko bashi, ko gādo, ya zo ya zauna ya faɗi damuwarsa. Shi kuwa ya saurara, ya duba takardu, ya nemi shaidu, ya bincika hukuncin da alƙalan da suka gabata suka yanke a kan irinta. Ranar shari'a ya sa baƙar riga da hular gashi, ya tsaya a madadin mutumin.

Wuyar aikin a zamaninsa ita ce dokar Ingila da al'adar ƙasa suna zaune wuri guda, sau da yawa kuwa sai su saɓa. Yana cikin lauyoyin shari'ar Cole da Cole ta 1898, inda aka yi jayayya ko wacce za a bi wajen raba gādon wanda ya yi auren coci. Kotu ta bi ta Ingila. Irin wannan shari'a ba ta yiwuwa ga wanda ya san hanya ɗaya tak, shi kuwa ya san duka biyu, don ya ƙware da al'adun Yarbawa.

Ya shugabanci lauyoyin Ikko tun daga 1900, aka kuma sa shi cikin Majalisar Dokoki a 1901. A nan ya yi tsayayya da dokar 1909 wadda ta hana zuga jama'a su ƙi Gwamnati, don yana ganin za ta toshe bakin mai kuka na gaskiya.

Ya rasu ran 15 ga Maris, 1915. Alƙali, da mufti, da magatakardan kotu, kowa yana da abin koyi gare shi: a san doka, a san mutanen da za a yi wa hukunci da ita, a kuma saurari mai ƙara har ya kai aya.