BISHOP SAMUEL AJAYI CROWTHER: BAWAN DA TSORON ALLAH YA ƊAUKAKA

  A fitowar bana na ga ya dace mu waiwayi rayuwar wani dattijo da ya kwanta dama tun 1891, wato Bishop Samuel Ajayi Crowther. Ba ɗan garinmu ba ne, amma hanyar da bishara da makarantar boko suka biyo har suka iso ƙasashenmu na Arewa, yana cikin waɗanda suka fara share ta. Abin da nake so mu duba shi ne yadda tsoron Allah ya riƙe shi a lokacin ɗaukaka da lokacin wulaƙanci.

Ƙuruciya da bauta

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun, cikin ƙasar Yarbawa, a yankin da yake Jihar Oyo a yau. Zamani ne na yaƙe-yaƙe, daular Oyo tana rushewa, kamun bayi kuma ya zama sana'a. A 1821 mayaƙa, waɗanda suka haɗa da Musulmin Oyo da Fulani, suka auka wa garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa. Ba a jima ba aka raba shi da su. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har akwai lokacin da aka musanya shi da doki, daga ƙarshe ya faɗa hannun fataken Fotugal a Legas.

A watan Afrilu na 1822 jiragen yaƙin Ingila, waɗanda ke sintiri tun bayan da ƙasar ta haramta cinikin bayi a 1807, suka tare jirgin da aka loda su. Aka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo. A can ƙungiyar mishan ta CMS ta karɓe shi, ya koyi karatu da rubutu da aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, shi ne ɗalibin farko da aka rubuta. Ya auri Asano, wadda aka sa wa suna Susan, ita ma baiwa ce da aka 'yanta, ya kuma kama aikin koyarwa.

Tafiye-tafiyen Kwara

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage 3 su hau kogin Kwara, da nufin ƙulla yarjejeniya da sarakuna a daina cinikin bayi a koma noma da fatauci. CMS ta sa Crowther cikin ayarin tare da wani Bajamushe, J. F. Schön, aka ɗora musu koyon Hausa domin amfanin tafiyar. Schön ɗin nan shi ne daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Zazzaɓi ya kashe Turawa wajen 40, tafiyar ta watse. Darasin da shugabannin mishan suka ɗauka shi ne, idan bishara za ta shiga cikin ƙasa, sai dai 'ya'yan Afirka su kai ta. Saboda haka aka kira Crowther Ingila, aka naɗa shi limamin ikkilisiya a 1843.

A 1846 ya isa Abekuta tare da Henry Townsend. A nan Allah ya haɗa shi da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25, aka yi mata baftisma a 1848 da sunan Hannatu. A 1851 ya gana da Sarauniya Biktoriya. A 1854 ya sake hawa Kwara da Binuwai tare da Likita Baikie, kuma a wannan karon, saboda an riƙa shan kwinin, ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa mishan na Kwara, ya ajiye Fasto J. C. Taylor a Anacha. Jirginsu ya bugi dutse kusa da Jabba ya farfashe, suka maƙale a bakin kogi wata da watanni. Crowther ya mai da zaman jiran makaranta, ya duƙufa kan koyon Nufanci, wanda daga baya ya rubuta littafin koyonsa da nahawunsa.

Henry Venn, sakataren CMS, yana da ra'ayin cewa dole ikkilisiyar Afirka ta ɗauki nauyin kanta, ta mallaki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. Shi ya matsa har aka keɓe Crowther ya zama Bishop a babbar majami'ar Kantabari ranar 29 ga Yuni 1864, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a ɗarikar Angilikan. Jami'ar Oksfod ta ba shi digirin girmamawa. Crowther bai nemi muƙamin ba, sai da aka sha fama da shi kafin ya yarda. Wasu Turawan mishan, ciki har da abokin aikinsa Townsend, sun ƙi a sa su ƙarƙashin baƙar fata, don haka aka yanka masa ƙasar aiki ta yadda ba ta haɗa da su ba. Ya san dalili, ya yi shiru, ya koma bakin aikinsa.

Inda tsoron Allah ya bayyana

Mu Kirista mun san Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, ya ɗaure cikar tsarki da tsoron Allah wuri guda. Tsoron da ake nufi ya bambanta da na ɓarawo a gaban alƙali. Irin na ɗa ne wanda ya san girman ubansa, yana jin nauyin ya saɓa masa ko da ba kowa a wurin. Mai irin wannan tsoro yakan rage jin tsoron mutane, yakan kuma yi hattara da haƙƙinsu, domin ya san duk wanda ke gabansa halittar Allah ne. Ana ganin haka a wurare uku cikin rayuwar Crowther.

Na farko, zamansa da Musulmi. Mutumin da Musulmi suna cikin waɗanda suka kama shi bawa, da ya riƙe su a zuci ba wanda zai yi mamaki. Amma ya yi hulɗar mutunci da Etsu Masaba na Bida, yana kai masa ziyara, yana neman izininsa kafin ya ajiye ma'aikata a ƙasarsa. Ya gane cewa gardama da zagi ba sa jawo kowa, sai ya ɗauki hanyar amsa tambaya da abin da ke rubuce cikin Littafi Mai Tsarki kawai. Haka ya yi a fadar Sarkin Ilori a 1872, inda aka yi masa tambayoyi masu wuya a kan Yesu Almasihu, ya amsa ba tare da ya ɓoye bangaskiyarsa ba, aka kuma rabu da girma da arziki. A shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa yana roƙonsa ya kai kuka Ingila a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Sarki Musulmi ba zai miƙa irin wannan kuka ga limamin Kirista ba sai ya tabbata mai amana ne.

Na biyu, haƙurinsa kan aiki da haɗari. Ya kafa tashoshi a Gbebe da Lakwaja, da Bonny da Brass a bakin teku, yana zirga-zirga cikin kwalekwale da jiragen 'yan kasuwa har ya tsufa. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya tsare shi da ɗansa Dandeson yana neman fansa, har mataimakin jakadan Ingila ya rasa ransa da kibiya wajen ceto su. Wannan bai sa ya bar kogin ba.

Na uku, yadda ya riƙe Maganar Allah. Ya kwashe kusan shekara 40 yana aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci tare da wasu, har aka kammala a tsakiyar shekarun 1880. Yakan zauna da tsofaffi yana sauraron karin magana da kalmomin gargajiya, don kada ya sa wa Allah magana da harshen da mutane ba za su gane ba.

Jarrabawar ƙarshe

Kada mu yi wa tarihi kwaskwarima, mishan na Kwara yana da matsaloli na gaske. Ma'aikatan 'yan Saliyo ne da ke nesa da gida, albashinsu kaɗan, Bishop kuma yakan daɗe bai kewayo ba saboda rashin jirgi. Wasu sun shiga kasuwanci, wasu sun faɗa cikin abin kunya. A Anacha har an sami ma'aikatan da suka yi wa wata yarinya dukan da ya zama ajalinta, aka gurfanar da su gaban shari'a. Crowther mutum ne mai jinkirin hukunci, ba ya korar ma'aikaci sai da shaida tabbatacciya, kuma a wasu lokuta sassaucinsa ya yi yawa. Ga shi Venn ya rasu a 1873, zamani kuma ya juya: kamfanin Turawa na Royal Niger ya mamaye kasuwancin kogi, ra'ayin raina baƙar fata ya yi ƙarfi.

Ana cikin haka sai ga wasu samarin Turawa masu zafin kishin addini, waɗanda koyarwar tsarki ta tarurrukan Kezik a Ingila ta yi wa tasiri. Biyu daga cikinsu, Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, suka sauka Lakwaja a 1890, suna sa riga da rawani irin na Hausawa, burinsu su kai bishara ƙasar Hausa. Suka dubi ikkilisiyoyin da aka yi shekara 30 ana ginawa, suka yanke cewa ruɓaɓɓu ne. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anacha a watan Agusta 1890, sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da fastoci a gaban Bishop ɗinsu, har da ɗansa Dandeson, abin da a ƙa'idar ikkilisiya hurumin Bishop ne. Tsoho mai shekara 80 da ɗoriya ya ajiye shugabancin kwamitin. An sallami mafi yawan ma'aikatansa, masu laifi da marasa laifi.

Yana da farin jinin da zai iya tsaga ikkilisiya biyu a Legas da bakin teku, da yawa kuma sun so ya yi hakan. Bai fita daga ɗarikarsa ba, bai kuma rama cin mutunci ba. Abin da ya goyi baya shi ne ikkilisiyoyin bakin teku su ɗauki nauyin kansu a cikin ɗarikar, aka kuwa tabbatar da hakan a 1892. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa, sai bayan kimanin shekara 60 ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis a Nijeriya.

Su ma samarin ba za a ce munafukai ba ne. Robinson ya rasu a Lakwaja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892, sun ba da ransu kan abin da suka gaskata. Don tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, aikin da ya share fage ga zuwan su Likita Miller a 1900 da fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Sai dai sun nemi tsarki da tsintsiya a hannu, suna share gidan wani, suka manta cewa Allahn da ya ƙi zunubi shi ne kuma ya hana shaidar zur da raina furfura. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe Crowther, Babban Bishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya bayyana nadamar ikkilisiyar Ingila kan abin da aka yi masa. Gaskiya dai ko ta daɗe a rami, sai ta fito.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa mazauna birni, yawancinku kuna zaune inda ba idon iyaye, ba na dattawan unguwa. Wani yana riƙe da kuɗin ofis, wani kuɗin ikkilisiya, wani ma kuɗin wannan ƙungiya tamu da aka tara don rijiya da ajin makaranta. A irin wannan wuri ba mai tsaron mutum sai tsoron Allah da ke cikin zuciyarsa. Kuna kuma zaune da maƙwabta Musulmi, a kasuwa ɗaya da ma'aikata ɗaya, a ƙasar da rikicin addini ya sha cin rayuka. Crowther ya nuna ana iya riƙe bangaskiya da ƙarfi ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Ga matasanmu masu zafin wa'azi, ku gyara abin da ya lalace, amma ku bincika kafin ku yanke hukunci, ku kuma tuna da waɗanda suka yi sharar gonar kafin ku zo. Ga mu dattawa da shugabanni, kada tausayi ya hana mu tsawata wa namu idan sun kauce, domin ɓarakar da aka ƙyale ita ce ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya ba mu zuciya mai tsoronsa, ya albarkaci garinmu da ƙungiyarmu, ya kai mu baɗi lafiya. Amin.