Gauss, Gwanin Lissafi na Ƙasar Jamus

Ranar da muka yi gwajin haske a ɗakin kimiyya, ɗigogin da na zuba a takarda suka ƙi bin layi ɗaya. Har na ɗauko abin goge fensir zan gyara guda biyu, sai malaminmu ya riƙe hannuna, ya ba ni labarin Gauss.

Shi dai Carl Friedrich Gauss an haife shi a Braunschweig cikin 1777. Iyayensa talakawa ne, sarkin ƙasarsu ya ɗauki nauyin karatunsa. Ran 1 ga Janairu 1801 wani masanin taurari ɗan Italiya, Piazzi, ya gano 'yar ƙaramar duniyar nan Ceres. Bayan kamar kwana 40 ta shige hasken rana ta ɓace. Awon da aka samu kaɗan ne, kowanne da ɗan kuskurensa. Gauss, yana ɗan shekara 24, ya lissafa hanyarta, cikin Disamba aka same ta kusa da inda ya nuna.

Dabarar da ta yi masa suna ita ce a auna tazarar kowane ɗigo daga layi, a ninka ta da kanta, a tara, a zaɓi layin da jimlarsa ta fi ƙanƙanta. In layin lanƙwasasshe ne, kamar na awon launukan haske, sai a ƙiyasta, a yi ta gyarawa.

Bafaranshe Legendre ya riga shi buga ta a 1805. Gauss ya buga tasa a 1809, ya ce tun 1795 yake aiki da ita. A ganina nan bai kyauta wa Legendre ba. Ya rasu a Göttingen cikin 1855.

Ɗigogina biyu suna nan cikin littafina, ban goge su ba.