Chen Zhongwei, likitan da ya mayar da datsattsen hannu bakin aiki

A tarihin tiyatar mayar da gaɓar da ta yanke, sunan Chen Zhongwei na ƙasar Sin yana sahun gaba. An haife shi a shekarar 1929 a lardin Zhejiang, ya kammala karatun likita a Shanghai a 1954, sannan ya kama aiki a sashen ƙashi na Asibitin Jama'a na Shida da ke birnin.

A can ne, a watan Janairun 1963, aka kawo wani ma'aikacin masana'anta wanda inji ya datse wa hannun dama kusa da wuyan hannu. A wancan zamani, abin da aka saba shi ne a ɗinke dungu a sallami majiyyaci. Chen da abokin aikinsa Qian Yunqing suka ƙudurta mayar da hannun mazauninsa. Suka haɗa ƙasusuwa, suka sada jijiyoyin jini, suka ɗinke agara da jijiyoyin da ke ɗauke da ji da motsi. Hannun ya rayu, daga baya mutumin ya iya rubutu da shi, har ya koma aiki. Watanni kaɗan kafin haka, a Mayun 1962, likita Ronald Malt ya mayar wa wani yaro ɗan shekara 12 hannunsa a Boston ta Amurka. Waɗannan tiyata biyu su ne suka buɗe ƙofar wannan fanni.

Abin da ya fi ɗaukaka Chen shi ne nacewarsa kan cewa komawar jini cikin hannu somin-taɓi ne kawai. Jini kan dawo a ranar tiyata, amma jijiyar ji da motsi tana tsirowa ne a hankali, kimanin milimita ɗaya a rana. Saboda haka wanda hannunsa ya yanke kusa da kafaɗa zai yi shekara ɗaya ko biyu kafin ji ya iso yatsunsa, alhali tsokar da ke jira tana ƙanƙancewa. Sai da atisayen gaɓoɓi na dogon lokaci, wani sa'in da ƙarin tiyata, ake sanin inda aka kwana.

Don auna wannan sakamako, Chen ya tsara ma'auni mai hawa huɗu wanda likitoci ke amfani da shi har yau. Hawa na ɗaya shi ne wanda ya koma ainihin sana'arsa, motsin gaɓoɓinsa ya haura kashi 60 cikin 100. Na biyu shi ne wanda ya iya wani aikin da ya dace da shi. Na uku ya iya hidimar kansa ta yau da kullum. Na huɗu kuwa hannu ne mai rai amma kusan ba ya amfani. Da haka sana'ar majiyyaci da abincinsa suka shiga cikin hukuncin da ake yanke wa tiyata.

An zaɓe shi cikin Cibiyar Kimiyya ta ƙasar Sin a 1980, daga baya ya koma Asibitin Zhongshan, inda ya horar da likitoci masu yawa kan tiyata ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ya rasu a watan Maris na 2004 yana da shekara 74, sakamakon faɗowa daga benen gidansa a Shanghai.