Abdulaye Mamani, marubucin da ya fito mana da Sarauniya

Yau a wannan fili namu za mu tuna da wani ɗan ƙasa da ya riga mu gidan gaskiya tun shekara ta 1993, watau marigayi Abdulaye Mamani. Da yawa cikin ƴan kasuwa ba su san sunanshi ba, amma da wuya a samu wanda bai taɓa jin sunan Sarauniya Mangu ba. Ana jin shi a bakin makaɗa da ƴan makaranta, har akwai gidan rediyo mai suna Sarauniya. To, littafin wannan bawan Allah na daga cikin manyan abubuwan da suka fitar da sunan daga ƙauyen Lugu suka kai shi duniya.

An haifi Abdulaye Mamani a shekara ta 1932 a gabashin ƙasar nan, kuma Damagaram ce garin da aka fi sanin shi da ita. Tun yana matashi ya shiga gwagwarmayar ƙungiyoyin ma'aikata, daga nan ya faɗa siyasa cikin jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari, har aka zaɓe shi ɗan majalisa tun kafin samun ƴancin kai. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta nemi jama'a su ƙi zama ƙarƙashin Faransa, amma ba ta yi nasara ba. A 1959 aka haramta jam'iyyar, shi kuwa ya bi sahun ƴan uwanshi zuwa gudun hijira. Ya yi shekaru fiye da goma a ƙasashen waje, cikinsu har da Aljeriya, kuma yana can ne aka buga littafinshi na waƙoƙi a 1972.

Bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Jori Hamani a watan Afrilu 1974, sai ya komo gida yana zaton wahala ta ƙare. Ba a daɗe ba gwamnatin Seyni Kunce ta kama shi ta kai gidan kaso. Mutumin da siyasa ta kora, ta kuma ɗaure, shi ne a 1980 ya fitar da littafin Sarauniya, wanda aka buga a birnin Paris da harshen Faransanci.

Littafin ya ɗauko abin da ya faru a 1899, lokacin da rundunar kaftin Vule da kaftin Shanuwan ta ratsa ƙasar Hausa ta nufi tafkin Cadi, tana ƙone garuruwa, tana kashe mutane, tana kwashe hatsi da dabbobi. Birnin Ƙonni na cikin garuruwan da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A watan Afrilu na wannan shekara rundunar ta auka wa Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, inda Sarauniyar azna da mutanenta suka tare ta da kwari da baka kafin su ja da baya cikin daji. A watan Yuli kuma sojojinsu da kansu suka harbe kaftin ɗin biyu a wajajen Maijirgi. Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram yana wuce wannan gari, sau da yawa ba tare da ya san abin da ya auku a wurin ba.

Mun fara karanta littafin muna ƴan lakwal, muka sake ɗaukar shi bayan mun girma, kuma abin da muka ji ya bambanta. Da ƙuruciya, jarumtar matar ce ta burge mu. Da muka sake karantawa, abin da ya tsaya mana a rai shi ne maƙwabtan da suka zuba ido, wasu don tsoro, wasu don ƙiyayyar da ke tsakaninsu da azna, wasu kuma don suna fatan samun wani abu a hannun baƙi. A nan muka gane cewa marubucin yana magana ne da mutanen zamaninshi ma, shi da ya ga yadda rarrabuwar kai ta kayar da tafiyar da ya ba ƙuruciyarshi.

Akwai ranar da muka zauna a rumfar wata uwarmu mai sayar da kayan miya, muna karantawa muna juya mata da Hausa. Ba ta damu da yawan bindigogi ko sunayen Nasara ba. Abin da ta yi ta tambaya shi ne yadda matan garin suka tsira da ƴaƴansu, da abin da suka ci bayan an ƙone rumbuna. Tambayoyinta sun nuna mana wani ɓangare na labarin da mu masu boko muka tsallake.

Sai dai ya kamata mu faɗi gaskiya: littafin ƙagaggen labari ne da aka gina a kan tarihi. Marubucin ya bincika takardun Nasara, ya saurari tsofaffi, sa'an nan ya ƙara da nashi tunani. Masana tarihi sun nuna cewa abin da aka rubuta game da Sarauniya a takardun wancan lokaci kaɗan ne, kuma a Lugu sarautar ta al'ada ce, mai riƙe da ita ba ta yawan fita bainar jama'a. Wannan bai rage darajar aikin ba, amma mai karatu ya san inda tarihi ya tsaya da inda gwanintar marubuci ta soma.

A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mayar da littafin fim, aka ɗauke shi a Burkina Faso, kuma a 1987 ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na Wagadugu. Shi kuwa Abdulaye Mamani, ajali ya same shi a haɗarin mota a watan Yuni 1993, a kan hanyar Damagaram zuwa Yamai, yana tafiya karɓar kyautar adabi mai sunan Bubu Hama.

Abin da ke damun mu shi ne, an rubuta labarin Hausawa da Faransanci, don haka mafi yawan iyayenmu mata da ya fi shafa sai dai su ji shi a bakin wani. Muna kira ga ƴan kasuwa maza da mata, duk mai ɗa ko ɗiya a makaranta ya nemi littafin nan, ya sa a karanta mashi da dare bayan an tashi kasuwa, ya kuma yi tambaya duk inda bai gamsu ba. Allah ya jiƙan Abdulaye Mamani, ya gafarta mashi kurakuranshi, amin.