Malam Umaru Ɗan Sa'idu, Malami Cikin Bauta

An haifi Malam Umaru a Futa Toro, ƙasar kakannin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wajen shekarar 1770. Shekara 25 ya yi yana neman ilmi, sa'an nan aka kama shi a yaƙi, aka kai shi Charleston ta Amurka a 1807. Da ya tsere wa mugun ubangidansa, aka tsare shi a Fayetteville, inda Larabcin da ya rubuta a bangon kurkuku ya ba jama'a mamaki. A 1831 ya rubuta tarihinsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulki, ko da yake an riga an yi masa baftisma. A ganina, bawan da ya zaɓi wannan sura ya san Wanda ya mallake shi. Ya rasu yana bawa, dab da soke bauta a 1865. Allah ya jiƙansa.